Labarin Waya da Duwatsun Ado a Ƙasar Ƙiru da Bebeji

Ina yaro, a wani ƙauye na ƙasar Ƙiru, na ga abin da ya sa har yau ba na raina ɗan ƙaramin ƙarfe. Ran nan ana suna a gidanmu, mata sun cika tsakar gida, sai zaren murjanin kakata ya tsinke. Kafin a ce me, duwatsu sun watse cikin rairayi. Aka tsai da shagali, aka hana kowa motsi, aka kawo rariya da faifai, aka yi ta tankaɗe ƙasa har la'asar sakaliya. Da aka ƙirga, guda biyu ba su fito ba. Tsohuwar nan ta yi kwanaki ranta a ɓace, gama murjanin na uwarta ne, kuma shi ne jarin da ta ke dogara gare shi in wata rana ta ɓaci. Da kasuwa ta ci aka kai wa maƙerin fari. Ya duba, ya ce zaren bai ci a tsakiya ba, a ƙeya ya ci, wurin da a ke ƙullawa a kwance kullum safe da dare. Ya sake shirya duwatsun a sabon zare, ya sa ƙugiya ta azurfa a baki guda, ƙawanya a ɗaya bakin. Daga ran nan ba a sake ƙulla zaren nan ba, ba a kuma sake kwance shi ba.

Masu rubuta tarihin ciniki sun yi magana mai yawa a kan duwatsun ado, inda a ke yin su da hanyar da su ke biyowa. Amma ba safai su kan kula da ɗan ƙarfen da ke riƙe da su ba. Ni kuwa a ganina nan ne hannun mutanen ƙasar nan ya ke. Dutse baƙo ne, fatake suka kawo shi. Ƙugiya da ƙawanya da maratayi, da 'yar wayar da a ke zura wa dutse a yi ɗan kunne, waɗannan maƙeranmu suka ƙera, su ne kuma suka mai da kayan ɗan koli suka zama dukiyar da mace za ta sa, ta ajiye, ta bar wa 'yarta.

Sai dai kada mai karatu ya zaci tun fil azal kowane abin wuya da ƙarfe a jikinsa. Ko kusa. Ita kanta kalmar waya baƙuwa ce, tare da Turawa da tangarahonsu ta shigo. Yawancin mata a da, da zaren auduga murzajje su ke shirya duwatsunsu, ko da siririyar fata wadda dukawa ke yankawa. Jigida kuwa har yau ba ta bukatar ƙarfe, gama ita ɗaura ta a ke yi a bar ta. Ƙarfe na masu hali ne, dalili kuwa shi ne tsada. Ƙasar Hausa Allah ya hore mata tama, shi ya sa fartanya da gatari ba su taɓa gagarar talaka ba. Amma baƙin ƙarfe bai dace da wuya ba, gumi na taɓa shi sai tsatsa, ya ɓata jiki ya ɓata tufa. Jan ƙarfe da azurfa su ne na ado, su kuwa ba a haƙa su a nan, sai an ɗauko su daga nesa.

Duk da haka haɗa dutse da waya tsohon abu ne a wannan sashe na Afirka. A Igbo-Ukwu, kusa da Anaca, wani masani mai suna Thurstan Shaw ya yi tono cikin 1959 zuwa 1960, ya koma cikin 1964, ya sami duwatsun ƙarau da na aƙiƙ fiye da 150,000, waɗansunsu an shirya su a jikin wayar jan ƙarfe. Kayan nan sun yi shekara wajen dubu a ƙasa. Kusa da mu kuma, a Durɓi ta Kusheyi ta ƙasar Katsina, an tona waɗansu kaburburan manya cikin 1992, aka sami duwatsu da wuri da mundaye na jan ƙarfe da 'yan kunne na zinariya, na tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Ka ga ke nan tun kafin a kafa Kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, akwai masu wannan ado a ƙasar Hausa.

To, daga ina jan ƙarfen ke zuwa? Ibn Batuta, mutumin Maroko mai yawon duniya, ya sauka a Takedda ta ƙasar Azbin cikin 1353, ya ga ana narka jan ƙarfe ana zuba shi sanda-sanda, tsawon kowace taƙi ɗaya da rabi, waɗansu masu kauri waɗansu sirara. Ya ce masu kaurin 400 a ke ba da su a miskalin zinariya, sirara kuwa 600 ko 700. Da su a ke ciniki kamar kuɗi, ana kuma kai su Gobir da Barno. Abin lura a nan shi ne, siririyar sandar jan ƙarfe rabin waya ce. Wanda ya riƙe ta yana iya sayen nama da ita, yana kuma iya miƙa wa maƙeri ya buga ta ta zama warwaro. Tun can, kuɗi da kayan ado abu guda ne, sai dai siffa ta bambanta, kuma za mu sake gamuwa da wannan a gaba.

Yanzu mu komo gida. Babbar hanyar fatake da ta tashi daga Kano zuwa Zariya, ta wuce Nufe da ƙasar Yarbawa da Gwanja, ta Bebeji ta bi. Baturen nan Clapperton, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da sunan Abdullahi, ya ratsa Bebeji da daminar 1826, ya ƙiyasta mutanenta sun kai 20,000 zuwa 25,000, ya ce kusan dukansu 'yan kasuwa ne. Shekara biyu kafin wannan, cikin 1824, ya zaga kasuwar Kano, ya lissafa abin da ya gani a rumfuna: duwatsun ƙarau da murjani, mundaye na farin ƙarfe, zobba na dalma, da 'yan kayan azurfa kaɗan, amma bai ga na zinariya ba. Murjani daga Bahar Rum ya ke zuwa ta hamada. Duwatsun ƙarau masu launi-launi na Venis ne ta ƙasar Italiya, daga baya na Bohemiya suka biyo. Aƙiƙ kuwa asalinsa Kambat ta Indiya, har mutanen Idar-Oberstein ta Jamus suka shiga sassaƙa shi cikin ƙarni na 19, suna kwaikwayon irin talhatanar da matan ƙasashen nan ke so. Ta kudu kuma ga lantana, jan dutsen da a ke haƙowa a bakin Kwara ƙasa da Yamai, fataken Hausa su kai shi Ilori a huda a goge, ga kuma aikin Masaga na Bida, masu narka ƙarau. Duk waɗannan a zare su ke isowa, tsirarsu, ba ƙugiya ba maratayi. 'Yan koli su sara a Kurmi ko a Bebeji, su ɗora a kai su bi kasuwannin ƙauye na Ƙiru da Tudun Wada, har rugagen Filani na bakin dajin Falgore.

Cikin abin da Clapperton ya lissafa akwai wani da ya ce amfanin ƙasar ne, ba baƙo ba, watau farin ƙarfen da a ke samu daga kuza. Wannan ya kai mu Riruwai, can ƙuryar kudu cikin duwatsun ƙasar Doguwa. Mutanen Riruwai sun san wanke kuza a rafi da narka ta tun Turawa ba su zo ba, kuma yadda su ke zuba ta abin sha'awa ne. Su kan jera tsinkayen ciyawa su yi ƙira da su, in sun zare tsinkayen sai ramummuka sirara su rage, su tsiyaya narkakken ƙarfe ciki, ya fito dogo siriri kamar tsinken da aka zare. A ɗaure su dami-dami a kai kasuwa. Waɗansu daga cikin masu sana'ar sun yi ƙaura cikin ƙarni na 19 suka kafa Riruwan Dalma a ƙasar Bauci. Tsinkayen nan ne 'yan kasuwar Turawa suka gani a kasuwannin bakin Binuwai, suka yi ta bin sawu har Kamfanin Neja ya aika da masu neman ma'adini cikin 1902 da 1903, daga nan haƙar kuza ta dutsen Jos ta samo asali. Ba a daɗe ba kamfanoni suka mallake filayen, murhun mutanen ƙasa ya mutu.

Kada a ce tsinken Riruwai shi a ke lanƙwasawa a yi ƙugiya. Ya cika laushi, yaro ma ya miƙe shi da yatsa. Amfaninsa ga maƙeri shi ne zuba zobba masu araha, da shafe jan ƙarfe ya yi fari, da haɗa shi da dalma a yi abin liƙi. Ƙugiyar kirki sai jan ƙarfe, ko farin ƙarfe, ko azurfa.

Azurfa kuwa a siffar kuɗi ta ke zuwa. Dakta Barth, wanda a ke kira Abdulkarimu, ya zo Kano cikin 1851, ya tarar ana canjin liyari guda a wuri 2,500. Ya kuma ce ana kawo tsohon jan ƙarfe daga Tarabulus, wani kuma fataken Wadai ke kawowa daga mahaƙar Hufra ta kudu da Darfur. Liyarin da ya fi yawo shi ne mai hoton Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya, wadda ta rasu cikin 1780, aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara a jikinsa har abin ya zama al'ada. Nauyinsa giram 28 ne, kashi biyar cikin shida azurfa ce, sauran jan ƙarfe. Wannan gauraye kuwa shi ne daidai bukatar maƙeri, gama azurfa tsantsa ta yi laushi da yawa. In aka ja liyari guda ya zama waya mai kaurin tsinken tsintsiya, zai ba da wajen kamu bakwai, watau mita uku da rabi. Ka ga da liyari guda ana iya yi wa matan unguwa guda ƙugiyoyi.

Bari in ɗan tsaya a kan aikin kansa, don wanda bai taɓa zama a maƙerar fari ba ba zai san wahalar da ke cikin ɗan abin da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. Maƙeri ya kan narka azurfa cikin ɗan kasko na yumɓu, yaro na zuga, sa'an nan ya zuba ta cikin ɗan kwari ta daskare ta zama sanda. Ya ɗora bisa uwar maƙera ya yi ta bugu yana juyawa, tana ƙara tsawo tana rage kauri. Amma azurfa da jan ƙarfe suna da wani hali: gwargwadon bugun da suka sha, gwargwadon taurin da su ke yi, in aka matsa sai su tsage. Saboda haka bayan ɗan bugu sai ya mai da ita wuta ta yi ja kaɗan, ya tsoma a ruwa, ta koma da laushinta. Nan ya sha bamban da maƙerin baƙi, wanda in ya tsoma bakin wuƙa a ruwa tauri ya ke nema. In sandar ta sirance sai a koma ga ja. Akwai wani faranti na ƙarfe mai hudoji a jere, daga babba zuwa ƙarami. A fiƙe bakin sandar da magagari, a shafa mata mai, a zura a babbar huda, a kama da awartaki a ja da ƙarfi. Daga nan a sa a ta biye, haka haka, ana yi ana mai da ita wuta, har ta kai sirancin da a ke so.

In waya ta samu, sauran aiki na yatsu ne. Ƙawanya, naɗa waya a ke yi a jikin tsinken ƙarfe kamar an naɗa zare a mazari, a yanke ta gefe guda, zobba ƙanana su zubo kansu ɗaya. Amma ƙawanyar da ba a liƙe bakinta ba mayaudariya ce, ranar da yaro na goye ya fizgi abin wuyan uwarsa sai ta buɗe. Don haka maƙerin kirki ya kan liƙe ta da wuta, ya sa ɗan sinadari don abin liƙin ya bi bakin ya kama. Kalmar sinadari da 'yan makaranta ke faɗi yau a ɗakin kimiyya, a maƙera aka fara saninta. Ƙugiya kuma, bayan an lanƙwasa ta sai a ɗan bubbuga gwiwarta da 'yar masaba. Taurin nan da maƙeri ke gudu sa'ad da ya ke jan waya, a nan shi ya ke nema, domin shi ke hana ƙugiya miƙewa. Na ɗan kunne kuwa, a kan kara bakin waya a wuta har ya narke ya dunƙule kamar ƙwayar gero, ya zama kai, a zura dutse ya zauna bisansa, a lanƙwasa saman a yi abin ratayawa.

Akwai wata dabara da na fi yabawa duka. Maimakon a shirya duwatsu duka a zare guda, sai a ba kowane dutse 'yar wayarsa, a lanƙwasa bakinta biyu a yi ido, a sarƙa idon wannan cikin na wancan. Aikin yana cin lokaci, yana cin ƙarfe, amma in wuri guda ya karye dutse guda ne zai faɗi, ba za a tara mata da rariya ba. Wannan ya fi dacewa da aƙiƙ, wanda bakin hudarsa ke da kaifi yana cin zare. Murjani kuwa mai taushi ne, waya na iya cin hudarsa a hankali, shi ya sa aka fi barinsa a zare, a sa ƙarfe a baki kawai.

Haka abin ya ke har ƙarni na 20 ya kama, sa'an nan al'amura suka juya da sauri. A farkon Fabrairu 1903 sojan Turawa da suka taso daga Zariya suka fasa ƙofar Bebeji da igwa, bayan kwana biyu suka ci Kano. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, ta ratsa ƙasar Ƙiru ta wajen Ɗangora, ta bar Bebeji a gefe. Kayan da a da sai raƙumi ya yi wata da watanni a hamada, yanzu ta teku su ke zuwa Ikko, jirgi ya hau da su cikin 'yan kwanaki. Wani ɗan Bebeji na cikin waɗanda suka fara gane wannan, shi ne Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a garin cikin 1877, daga zuriyar Agalawa masu fataucin goro. Ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko, tun wajen 1906 kuma ya haɗa da cinikin duwatsu da sarƙoƙin wuya da yadi na Turai. Jama'a sun fi tuna shi da dalar gyaɗa, amma kafin gyaɗa ya taɓa kayan koli. Ya rasu a Kano cikin 1955.

Da fari wannan canji bai cuci maƙeran fari ba, ya ma amfane su. Duwatsu suka yi araha, matar talaka ta sami abin da a da sai matar attajiri, kowace kuwa tana bukatar mai sa mata ƙugiya. Jan ƙarfe da farin ƙarfe suka riƙa zuwa a jaye, naɗi-naɗi, ba sai an sha wahalar bugu ba. Ga kuma sulallan azurfa da aka fara bugawa domin Afirka ta Yamma cikin 1913, waɗanda da yawansu a kaskon maƙera suka ƙare. Amma azurfa ta yi tsada a duniya bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, cikin 1920 aka sake sulen ya koma na gaurayen farin ƙarfe, wannan rijiya ta fara ƙafewa. Anini da kobo masu huda a tsakiya kuwa ba su bukaci maƙeri ba sam, 'yan mata sai su zura su a zare tsakanin duwatsu, Gwamnati ta riga ta huda musu.

Abin da ya karya sana'ar shi ne ranar da ƙugiyar kanta ta fara zuwa a ƙere. Injin da ke lanƙwasa waya yana fid da dubbai kafin maƙeri ya gama guda. Sarƙoƙi da 'yan kunne na kanti suka cika faifan ɗan koli, daga Turai da fari, daga baya Indiya da Sin. Masu hali kuma suka juya ga zinariyar da alhazai ke sayowa a Makka da Jidda, daga baya Dubai. Maƙerin fari na ƙauye ya rage ga gyaran abin da ya karye, da mundaye da zobba na Filani.

Sa'an nan wani abu ya faru wanda ba wanda ya zata. Daga ƙarshen shekarun 1960 mutanen Turai da Amurka suka shiga sha'awar tsofaffin duwatsun nan na Venis da kakanninsu suka sayar wa Afirka. 'Yan kasuwa Hausawa suka bazu ƙauyuka suna saye a hannun tsofaffi, suna kai wa Kurmi da Ikko da Abijan, waɗansu har Amurka da kansu. Masu sayen dutse su ke so, saboda haka a kan tsinke tsohon shiri, a ware duwatsu iri-iri, a zura su a zaren kaba a sayar. Ƙugiyar azurfa kuwa a ɗora ta a ma'auni a sayar da nauyi, ta koma kasko. Dalili ke nan da ya sa tarihin wannan sana'a ya ke da wuyar bi. Dutse ba ya narkewa, yana iya shekara ɗari biyar yana yawo daga wuya zuwa wuya. Ƙarfen da ya riƙe shi kuwa, da ya tsufa sai a narka shi a yi sabo, ƙugiyar kaka ta zama zoben jika, ba wanda zai gane ta.

A zamanin nan sana'ar shirya duwatsu ta dawo, amma a hannun mata da 'yan mata, cikin gidajensu. Kayan aikinsu filaya ce da almakashi, da zaren roba irin na masunta, da ƙugiyoyi da ƙawanyu na cikin leda da a ke sarowa a birni a kai kasuwanni irin su Kafin Maiyaƙi da Kwanar Ɗangora. Ba na kushe musu, gama sana'a ce mai rufin asiri, kuma waɗansunsu sun fi na da iya haɗa launi. Sai dai yawancin ƙarfen nan baƙi ne aka yi masa wanka, damina guda ta isa ta tone shi, ya yi tsatsa, ya sa wa waɗansu ƙaiƙayi a kunne. Ƙawanyunsa kuma ba a liƙe su ke ba. Mai aiki da su ya kamata ta san ba a buɗe ƙawanya ta hanyar ware bakinta, murɗa shi a ke yi gefe da gefe a kuma mayar haka, in ba haka ba ba za ta sake haɗuwa daidai ba. In da hali kuma, dutse mai daraja a nema masa azurfa, har yanzu ba a rasa masu ƙera ta a Kurmi ba.

Wanda ya sami tsohon abin wuya a adakar uwarsa, ya juya shi ya dubi ƙeya kafin ya dubi gaba. Ƙugiyar inji santsi gare ta, kaurinta ɗaya daga kai har gindi. Ta maƙeri kuwa za ka ga gwiwarta ta ɗan baje saboda bugun masaba, ga 'yan layuka a tsaye inda ta bi ta hudar faranti, ga ɗan tudu a jikin ƙawanya inda aka liƙe. Murjanin kakata yana nan a hannun wata jikarta, an sake masa zare sau uku, ƙugiyar ce dai ba a sake ba.